Ƙafa Huɗu, Shanu Huɗu

Litinin, 4 ga Agusta, bayan La'asar

Na fita aiki. Na dawo.

Ruwa tun safe, Abattoir duk ta caɓe. Na wasa wuƙaƙena duk da ba su dakushe ba. Tsoho Jika ya ce in na ci gaba da wasa su haka, kafin Sallah allura za su koma. Shi ya koya mini fiɗa tun ban kai tsawon tebur ba, shi kaɗai ke gaya mini irin wannan in yi dariya.

Inna ta tambaye ni ya kasuwa. Na ce alhamdu lillahi. Ai ba ƙarya ba ce, kullum ana gode wa Allah.

Talata, 5 ga Agusta, da hantsi

A bencin mai shayi nake rubutu. Rediyo na ta maganar kasafin kuɗi, wai an zaftare na tsaro, wai kowa ya ɗaure ciki. Ashraf ya ce shi cikinsa ba sauran wurin ɗauri, sai dai a ara masa wani. Aka yi dariya. Mu biyar ne a bencin, duk yaran Oga Muktar, duk da wuƙa a kugu, kuma ba wanda ya sayi shayin.

Shekara uku muna kai nama bariki. Kafin gari ya waye mun kayar, mun feɗe, mun loda mota. Ranar da Oga ya zo da maganar nan ko motar bai kashe ba. Ya ce ba laifin kowa ba ne, daga sama aka rage kuɗin abincin soja, nama ya fita daga tukunya sai ranar biki. Ya ce in abu ya gyaru zai neme mu. Yana magana yana kallon sitiyari.

Ban gaya wa kowa a gida ba. Ba wai ɓoyewa nake ba. Ina jira ne ya gyaru, sai in ba da labarin gaba ɗaya.

Laraba, 6 ga Agusta, bayan Magariba

Matata Kausar ta kira. Ƙafafunta sun kumbura, ta ce ko silifas ɗin Baffa, mahaifinta, ba ya shigarta. Tana gidansu can bayan Kuru, haihuwar fari ce, dole a gida.

Ta ce Baffa ya ce abin da ta haifa, mace ko namiji, Wule tasa ce. Wule saniyarta ce da aka ba ta tun tana zanen goyo, mai farar fuska, tana ɗan ɗingishi. Lokacin da nake zuwa zance daga nesa take nuna mini ita, don Baffa ba ya son in matsa kusa da garke. Ya ce shanu suna jin warin mahauci.

Ban taɓa jin haushin maganar ba. Baffa Hammawa Bafulatani ne, kuma kowa ya san ba sa ba mu 'ya. Da manya suka je tambaya cewa ya yi, “Mu muna raino, ku kuna yankawa, ina aka haɗu?” Sai da Oga Muktar ya je da kansa, da babbar riga, ya ce yaron nan aikinsa tsayayye ne, da gwamnati muke harka, gwamnati kuwa ba ta daina cin nama. Baffa ya dubi sandarsa. Ya ce, “To. Amma ranar da ta kwana da yunwa, shanuna ba su ƙare ba, zan ɗauko abata.”

A gaban mutane ya faɗa. Mutum ne da ba ya maimaita magana.

Alhamis, 7 ga Agusta, da yamma

Na fita aiki. Na dawo.

Juma'a, 8 ga Agusta, bayan saukowa daga masallaci

Inna ce ke wanke mini kaya tunda Kausar ta tafi. Yau tana shanya ta ce, “Uzairu, kwana biyu rigarka ba ta cin sabulu.”

Na ce sabon salo aka kawo, leda muke ɗaurawa a gaba.

Ta ce, “Ikon Allah. Zamani.”

Kyanwar gidan nan ma ta canza. Da tun daga bakin lungu take tarata, tana bin takalmina tana lasa har ɗaki. Yanzu in na shigo sai ta ɗaga kai, ta dube ni, ta mai da kai. Ko Baffa bai taɓa yi mini irin wannan kallo ba.

Asabar, 9 ga Agusta, bayan Asuba

Mace. Lafiya lau, ita da uwar. Allah na gode maka.

Asabar ɗin dai, bayan Azahar

Na yi murna, wallahi na yi. Na zauna a bayan gida na yi ta kallon hoton da aka turo, hancin nawa ne, ba ja.

Ragon suna ba damuwa, Inna ta yi kiwonsa tun cikin yana ƙarami, da dusa da ɓawon dankali. Saura ƙauri. Ƙafafun sa huɗu da miji zai kai, a dafa wa mai jego da kayan yaji, a raba wa dangi, kowa ya san an haihu a gidan mutunci. Ko mai gadi yana kaiwa. Ko mai faci yana kaiwa. Ni kuwa mahauci ne ɗan mahauci. In tela ya kasa kai ƙauri a ce babu ce, in ni na kasa me za a ce?

Da muna aiki, ƙafa ba abar saye ba ce a wurinmu. Cikin ladan fiɗa take, ka ɗauka ka jefa a buhu.

Inna ta riga ta gaya wa matan unguwa cewa ƙaurin jikarta sai an ɗauko shi da mutum biyu.

Lahadi, 10 ga Agusta, da hantsi

Na zaga. Shanun da ake yankawa yanzu ba su da yawa, mutane sun koma awara da kifi busasshe. Matar da ke sayen kilo yanzu ƙashi take nema, tana cewa na kare ne, alhali mun san ba ta da kare. Ƙafa kuma tun saniya na tsaye masu gidan farfesu sun kama. Na tambayi kuɗin guda ɗaya, aka faɗa, na ce dama wani ne ya aiko ni.

A layin masu ganda na ga Ignatius, kukun barikin da ke karɓar nama a hannuna. Ba kaki, ya ja hula har gira. Da ya gan ni ya so ya juya, ni ma na so, sai hanyar ta yi mana kaɗan.

Ya ce, “Uzairu! Madam ya sauka?”

Na ce ta sauka jiya, mace.

Ya rungume ni da hannu ɗaya, ɗayan yana bayansa da baƙar leda. Na tambaye shi ya bariki. Ya ce, “Wake da safe, wake da rana. Cikina ya zama bariki na biyu, kullum ana fareti.” Ya yi dariya, sai ya daina. Ya ce ba abinci kaɗai ba, man mota ma awo ake yi, ƙananan shingaye na ƙauyuka ana ta kwashe su ana mai da yara gari. Na ce har na wajen Kuru? Ya ce wannan ai tun watan jiya.

Kausar ba ta faɗa mini ba.

Da za mu rabu ya ce, “Abeg, kada ka gaya wa boys ka gan ni a layin ganda.” Na ce ni ban ga kowa ba. Shi ma bai tambaye ni me ya sa rigata take fes ba.

Litinin, 11 ga Agusta, bayan La'asar

Na roƙi Jika ɗan kitse. Bai tambaya ba. Na je bayan rumfa na goga a gaban riga da hannuwa, na ɗan taɓa jini a bakin wando.

Kyanwa ta zo ta shinshina, ta yi atishawa, ta tafi.

Inna ta ce ita dama nama ya ishe ta, haƙoranta ba sa so, kada in ƙara wahalar kawo mata. Rabon da in kawo ɗin ita ta sani. Ta dafa miyar karkashi da daddawa, ta ce ta fi lafiya.

Talata, 12 ga Agusta, da hantsi

Ban roƙi kowa ba. Ina so wannan ya zauna a rubuce. Ban buɗe baki na roƙi kowa ba.

Na iso benci na tarar da buhu a wurin zamana. Jika yana can yana kankare tebur kamar bai san da shi ba. Na buɗe. Huɗu ne. Ɗaya ja, ɗaya baƙa, ɗaya mai roɗi-roɗi, ɗaya fara. Ashraf ya yi wa wani fiɗa jiya ya karɓi ƙafa maimakon kuɗi. Madam Kosiso mai farfesu ta cire ɗaya cikin nata, wai a ce wa amarya sannu. Ɗaya ba a faɗa mini mai ita ba, amma na ga Ignatius ya wuce da sassafe ba leda a hannunsa. Farar ta Jika ce, daga wata saniya da ya samu da sauƙi a kara, kasuwar shanu.

Na jera su a ƙasa. Uku na gaba, ɗaya ta baya.

Ashraf ya leƙo ya ce, “Kai, wannan sa in ya tashi gudu ba mai kamo shi, amma fa ba ya ribas.”

Har Jika sai da ya yi dariya. Ni ma na yi, don in ban yi ba wani abu zan yi.

Na hura wuta na babbake su da kaina, na kankare har suka zama launi ɗaya. In gashi ya tafi, ja da baƙi duk ɗaya ne. Mata za su sassara su zuba a tukunya, wa zai tsaya ƙirga gwiwa? Ta bayan ce kawai kofatonta ya karkace, ɗaya ya hau kan ɗaya, tsohon rauni ne. Na so in datse shi, na ga in na datse ɗaya sai na datse duka, kuma ƙafa ba kofato kamar an ɓoye wani abu ne. Na bar shi.

Laraba, 13 ga Agusta, bayan Magariba

Na kai.

Niyyata in tsaya a bakin hanya in aika a kira wata cikin matan gidan ta karɓa. Inda shingen sojoji yake da, buhunan yashi ne kawai suka rage, ciyawa ta fara fitowa a kansu, akuya na kwance a rumfar. Ina sauka daga mashin sai ga Baffa, shi kaɗai, da malfa da sanda, kamar ni yake jira. Ba ni yake jira ba, hanya yake kallo.

Na cire takalmi na durƙusa a cikin caɓi. Muka gaisa, ya yi mini barka, na yi masa. Ya ce mene ne a buhu. Na ce ɗan abin al'ada ne.

Ya ce, “Mu gani.”

Suruki ba ya buɗe ƙauri. Ban taɓa ji ba. Amma shi Baffa duk abin da ya shafi saniya sai ya taɓa.

Ya fito da su ɗaya bayan ɗaya yana jerawa a kan buhun. Ta farko, ta biyu, ta uku. Na ga idonsa ya bi gwiwoyin. Mutumin da ke gane saniyarsa da sawunta a laka, shi na babbake wa gashi. Ban san inda hankalina ya tafi ba jiya.

Da ya ɗauko ta huɗu sai ya tsaya. Ya juya ta. Ya sa babban yatsa a kan kofaton nan. Ruwa ya fara yayyafi, bai motsa ba, ni ma ban motsa ba.

Ya ce, “Wuƙarka ce ta yanka wannan?”

Da na ce e, da na yi wa suruki ƙarya a durƙushe. Na ce, “A'a, Baffa.”

Ya sauke numfashi mai tsawo. Ya mai da uku cikin buhu, ya riƙe ta huɗun a hannu, ya ce in gai da mutanen gida. Bai ce in shigo in ga yarinya ba.

Na dawo. Ban iya cin tuwo ba.

Alhamis, 14 ga Agusta, da safe

Ya sani.

Alhamis, bayan La'asar

Kausar ta ce ƙauri ya yi daɗi, kowa na ta santi, gwaggonta ta ce auren mahauci ma da ranarsa. Ta ce amma uku aka dafa, Baffa ya hana ɗaya, ya fita da ita bayan gari shi kaɗai, ya dawo ba ita. Ta tambaye ni ko ta lalace ne. Na ce wataƙila.

Ta ce, “Muryarka fa?” Na ce sanyi ne.

Asabar, 16 ga Agusta, bayan Magariba

Murjanatu. Allah ya raya.

An yi suna lafiya. Ragon Inna ya fitar da ni, ni na feɗe shi da marmari. Na ɗauki yarinya, ba ta da nauyi, kamar tsokar cinya ɗaya. Astagfirullah, da abin da na sani nake auna komai.

Baffa bai dube ni ba ko sau ɗaya. In na zo ta dama sai ya ba da hankali hagu. Na lura ba ni kaɗai ba, 'yarsa ma bai yarda sun haɗa ido ba. Na ce a raina yana tausayinta ne, ya ba da ita inda ba a ci.

Mazan rugar ba su zauna cin nama sosai ba. Suna ci suna kallon tudu. An yi maganar abin da ya faru a rugar da ke gaba da su makon jiya, da na matso aka koma Fulatanci. Garken kuma an matso da shi har jikin ɗakuna, kuma ya yi mini ƙanƙanta. Kausar ta so a kai Murjanatu ta ga saniyarta, aka ce Wule na cikin waɗanda aka tura kiwo nesa.

Da zan tafi na durƙusa sallama. Ya ce, “In ta yi arba'in za mu yi magana.”

Ba cewa ya yi za a kawo ta ba. Za mu yi magana.

Litinin, 18 ga Agusta

Na fita aiki. Na dawo.

Laraba, 20 ga Agusta, da Azahar

Na kira Oga Muktar. Ya ce ana nan ana bi. Na ji kukan kaji a bayansa, Ashraf ya ce ai ya koma harkar ƙwai.

Na fenta ɗakinmu da ragowar farar ƙasa. Na gyara ƙafar gado. Na buga ƙusa inda za a rataya gidan sauron yarinya. Inna na kallona ta ce, “A yi dai mu gani.” Ban san ko addu'a ce ko tambaya ba.

Gas ya ƙare, mun koma gawayi. Na ce wa Inna abincin gawayi ya fi ƙamshi. Ta ce ita ma haka ta gani. Mun iya wannan wasan, ni da ita, ba wanda ke kayar da wani.

Lahadi, 24 ga Agusta, da yamma

Za mu yi magana.

Na juya ta ta kowane gefe kamar yadda ya juya ƙafar nan. Ba ta da wata fuska.

Talata, 26 ga Agusta, bayan La'asar

Yau ban je Abattoir ba. Na je kara a Bukuru, an ce ana neman masu jan shanu zuwa mota. Aikin da da nake ba wasu. Na ja hula kamar Ignatius.

Ina riƙe da igiyar wani bijimi sai na hango malfa. Malfa dubu ce a kara, amma tsayuwar na sani, ƙafa ɗaya a kan gwiwa, sanda a wuya. Karsana biyu ne a gabansa, masu kyau, irin waɗanda Bafulatani ba ya sayarwa sai dai a mutu a bar wa magada. Dillali na ta buga musu baya yana yabo, shi kuwa yana kallon ƙasa kamar ana karanta masa laifinsa.

Ya ɗago. Ya gan ni da igiyar wani a hannu, kashin shanu har gwiwa. Na gan shi.

Na duƙa ina gyara igiyar da ba ta kwance ba. Da na ɗago ya juya baya, malfar ta sauko har kafaɗa.

Can da rana na tambayi dillalin, kamar da wasa, ko dattijon nan ya saba zuwa. Ya ce, “Hammawa? Da sai shekara ba ka gan shi ba. Tunda aka kwashe sojojin wajensu kusan kowane mako yana nan. Masu sintiri da suka ɗauka sai an biya su, ga hatsi ya yi tsada. Kwanaki ma wata farar goshi ya kawo, gurguwa, ya ce a sayar wa na nesa. Wa zai kai gurguwa nesa? Wani tsoho daga Abattoir ya ɗauka.”

Na zauna a kan turke.

Laraba, 27 ga Agusta, da hantsi

Na tambayi Jika. Ya ce e, farar fuska, tana jan ƙafar baya. Ya ce lafiyayya ce, nono ma bai gama ƙafewa ba, har ya yi mamakin mai ita. Ya ce me ya faru. Na ce ba komai.

Ashe a buhu na kai wa mutum saniyar jikarsa. Na babbake ta da hannuna, na kankare, na ɗaure, na biya kuɗin mashin.

Wuƙarka ce. Ba aikina yake tambaya ba. So yake ya ji ko na ga fuskarta.

Na ɗauka in na gane haka zan ji sauƙi. Ban ji ba. Da kunyata kaɗai nake ɗauke da ita, yanzu har da tasa, kuma tasa ta fi nauyi.

Juma'a, 29 ga Agusta, bayan Magariba

Kausar ta ce Murjanatu ta fara bin haske da ido. Ta ce in Wule ta dawo daga kiwo za ta ɗauke su hoto tare ta turo mini.

Na ce to.

Litinin, 1 ga Satumba

Kara. Bai zo ba. Na gode Allah, kuma na yi ta dubawa.

Alhamis, 4 ga Satumba, bayan La'asar

Ban san ta inda zan fara ba.

Da hantsi ina shirin fita, na riga na goga kitsen, sai ƙarar mota a ƙofar gida. A-kori-kura ce. Kausar a gaba da yarinya a ƙirji, gwaggonta a gefe, a baya tukunyar wanka da ƙullin kaya da wani bijimi ja a ɗaure. Baffa na zaune kusa da shi, hannunsa a kan tozo.

Arba'in da saura. Inna ta fito ba ɗankwali, ta koma da gudu, ta sake fitowa tana guɗa.

Mata suka shige. Na shimfiɗa masa tabarma a zaure, na durƙusa daga bakin ƙofa. Ya ce za su tashi, su da sauran gidajen, za su gangara ƙasar Bauchi wajen 'yan'uwa kafin abin ya lafa. Hanya ba ta mai jego ba ce. Ta ƙarasa wankanta a nan, in Inna ba za ta gaji ba.

Na ce, “Baffa, akwai abin da ya kamata ka sani kafin ka bar ta.”

Ya ɗaga hannu. Ya ce, “Na ga hannunka ranar suna. Hannun mai fiɗa kullum ba ya rasa sabon yanka. Naka duk sun warke.”

Na dubi hannuwana.

Ya ce, “Sa mai ƙafar gaba uku kuma, tun da nake kiwo ban taɓa gani ba. Na ce yaron nan mutum huɗu suka tsaya masa. Ni da na shiga kara, dillali kaɗai ya tsaya mini.”

Ya gyara sandarsa a kan cinya. Kyanwa ta zo ta wuce tsakaninmu.

Ya ce, “Na taɓa yin wata magana a gaban mutane, a kan shanuna.”

Na ce, “Ban tuna ba, Baffa.”

Ya dube ni. Tunda na auri 'yarsa yau ne ya fara dubana ido cikin ido, ni ne na sunkuyar. Ya ce, “Madalla.”

Sannan ya nuna waje da haɓa. Ya ce bijimin nan ya tsufa, ba zai kai Bauchi ba, kuma ya gaji da ba baƙi. In yanka, in sayar, in kafa tebur nawa, in daina jiran gwamnati ta ji yunwa. In Allah ya sa albarka, in saya wa Murjanatu karsana, ko ƙarama ce. Ya ce, “Uwarta za ta tambayi wata saniya. Ka bari ni zan faɗa mata, in na samu baki.”

Na ce to.

Ya tashi, ya sa takalmi. Har ya kai ƙofa ya juyo. “Ƙafafun kada ka sayar. Mai jego na bin mu ɗaya, ni da kai.”

Bai shiga ya yi sallama da ita ba. Ya tsaya wajen bijimin, ya faɗa masa wata magana a kunne da Fulatanci, ya hau mota. Bai waiwayo ba.

Alhamis ɗin, bayan Magariba

Na gaya wa Inna da Kausar maganar bariki, a tsakar gida, a tsaye, kamar yadda Oga ya yi mana. Kausar ta yi kuka kaɗan, ta ce me ya sa ban faɗa ba. Inna ko ɗagowa ba ta yi daga tsintar shinkafa ba. Ta ce, “To yanzu sai ka daina ɓata mini riga da tsohon kitse, sabulu ya yi tsada.”

Asabar, 6 ga Satumba, bayan La'asar

Jika ya riƙe kai, Ashraf ya ja igiya. Na ce a juya fuskarsa, sannan na yi bisimilla. Ban taɓa yanka dabbar da na san mai yi mata magana a kunne ba. Jika ya ce yankan ya yi kyau. Shi ya sani.

Naman bai ƙare ba, kasuwar sai a hankali, rabi na wajen mai firji. Na aika wa Madam Kosiso bindi. Na ajiye wa Ignatius tsoka, ba ganda ba, in ya zo da hularsa.

Ƙafafun ban babbake su a can ba. Na kawo su da gashinsu, ja duka. Inna ta zazzage buhun a tsakar gida ta jera, ta ce, “Biyu gaba, biyu baya. Yau kam sa ɗaya ne.” Ban tambaye ta wa ya gaya mata na farkon ba.

Kausar na zaune a bakin ƙofa tana ba yarinya nono. Ta daɗe tana kallon jan gashin. Ta san shi, tare suka girma. Ba ta sake tambayar Wule ba.

Na yanke a yatsa wajen fiɗa, yana ta zafi.

Kyanwa ta tare ni tun daga bakin lungu.

Na fita aiki. Na dawo.